Bakin teku na mai ƙafa ne, kwari na mai keke

"Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 11 mun samu hutun kwana shida, za mu yi shi a wani yanki da ke bakin teku, bayansa kuma akwai kwari mai kogi da ya ratsa tsakanin tuddai. Muna so mu yi yawon ƙafa, mu kuma hau keke, don mu ga wurin sosai. Na duba taswira na tsara cewa mu bi bakin teku da keke tunda nan ne ƙasa ta fi shimfiɗuwa, kamar kilomita 40 a rana, kwarin kuma mu taka shi da ƙafa. Ba mu saba doguwar tafiya ba, amma lafiyarmu ƙalau. Tsarin nan ya yi? Me ya kamata in kula da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: wane ɓangare na yankin za a bi da keke, wane za a bi da ƙafa, sannan nawa ne nisan da mutum uku da ba su saba ba za su iya ci a yini ba tare da hutun ya koma wahala ba. Na daɗe ina raka mutane irin wannan yawo, kuma tsarin da ka yi shi ne wanda kusan kowa ke fara yi. Shawarata ita ce ka juya shi. Kekunan ku kai su kwari, bakin tekun ku taka shi da ƙafa. Dalilin yana cikin yadda ƙasar kanta take.

Abin da taswira ba ta faɗa da baki

Ruwan teku a shimfiɗe yake, wannan gaskiya ne, amma ƙasar da ke gefensa ba dole ba ne ta zama haka. Tunda ka ce akwai tuddai a bayan gaɓar, to akwai yiwuwar tuddan nan sun gangaro har bakin ruwa, teku ta yi shekaru tana cin gindinsu har suka zama katangu na dutse. Kowane ɗan rafi da ke sauka daga tudu yana neman teku, sai ya tsaga wa kansa kwazazzabo. Turbar da ke bin gaɓa ba ta da yadda za ta yi, dole ta sauka cikin kowane kwazazzabo ta sake hawowa. Ka sauka mita 80, ka tsallake ƙoramar da ba ta fi taku biyu ba, ka sake hawa mita 80, ka yi tafiyar minti goma a saman tudu kana maida numfashi, sai ga wani kwazazzabon a gabanka.

Misalin da na fi ba mutane shi ne doguwar turbar gaɓa ta kudu maso yammacin Ingila, wadda ta tashi daga Minehead ta ƙare a mashigar ruwa ta Poole. Tsawonta kilomita 1,014 ne, kuma babu wani babban tsauni a kanta, amma in aka tara duk hawan da mutum zai yi daga farko zuwa ƙarshe, ya kai kusan mita 35,000, wato kusan hawa tsaunin Everest sau huɗu. Titunan mota na irin wannan gaɓa ma haka suke. Kusa da farkon turbar akwai hawan Porlock, inda titi ke ɗagawa mita ɗaya a cikin kowace mita huɗu. Yarinya mai shekara 11 ba za ta hau wannan da keke ba, kai ma turawa za ka yi, saukarsa kuma ta fi hawansa haɗari.

Kwari kuwa kogi ya riga ya yi maka aikin. Ruwa ba ya son hawa, kullum mafi sauƙin gangara yake nema, don haka gindin kwari yana ɗagawa ne a hankali, yadda sau da yawa ƙafa ba ta ma ji. Shi ya sa masu shimfiɗa layin dogo suka riƙa bin kwaruruka, domin jirgin ƙasa ba ya jure hawa mai tsanani, galibi mita ɗaya ko biyu a cikin ɗari, da wuya ya wuce uku. Da aka rufe layuka da dama a ƙarni na 20, ƙasashe suka cire ƙarafunan suka mayar da su hanyoyin keke da 'yan ƙafa. A Sifen an fara wannan shiri a 1993, yanzu suna da sama da kilomita 3,000 na irin waɗannan hanyoyi. A Cornwall ta Ingila akwai wadda ta bi kogin Camel daga Padstow a bakin teku, ta ratsa Wadebridge, ta shiga can cikin ƙasa, kusan kilomita 29, yawancinta ba mota, ba hawan da zai sa yaro kuka. Abu na farko da za ka nema a taswirar yankinku ke nan: tsohon layin dogo, ko hanyar gefen kogi, ko ta gefen magudanar jiragen ruwa. In ka samu ɗaya, rabin shirinka ya kammala.

Maganar tana da iyaka. Akwai gaɓar da take fili fetal, rairayi da fadama, kamar ta Holand ko wani sashe mai tsawo na gaɓar Atlantika a Faransa, can keke a bakin teku daɗi ne da shi. Akwai kuma inda tsohon layin dogon ne da kansa ya bi gaɓa, kamar kilomita 24 da ke tsakanin San Lorenzo al Mare da Ospedaletti a Italiya, inda aka huda duwatsu aka wuce. Haka nan akwai kwarin da ya matse ya zama maƙoshi, titi ɗaya tak ya ratsa shi, manyan motoci na bi, wannan bai dace da keken iyali ba. Hanyar tantancewa ita ce ka samu taswira mai layukan tsayi, waɗannan siraran layuka masu lanƙwasa da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu kamar zaren saƙa, hawa ne mai tsanani. Inda suka buɗe, fili ne. Ka bi hanyar da ka zaɓa da yatsa, ka ƙirga layi nawa ta tsallaka. Taswira mai ma'aunin 1:25,000 ita ce ta mai ƙafa, santimita 4 a kanta kilomita ɗaya ne a ƙasa.

Sai batun doka, wanda mutane kan manta. Ba kowace turba aka yarda a hau keke a kanta ba. A Ingila da Wales, alal misali, an raba turbar 'yan ƙafa da ta mahaya dawaki, keke yana da izinin bin ta mahaya dawakin ne kawai, kuma yawancin turbar saman gaɓa ta 'yan ƙafa ce. A Sikotlan dokar 2003 ta fi sakin mara. Kowace ƙasa da nata tsarin, allunan da ke bakin hanya su ne za su gaya maka.

A daina ƙirga kilomita, a ƙirga awa

Kilomita 40 da ka ambata ba ta da ma'ana sai an san irin ƙasar. Akwai wani lissafi da wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi muke aiki: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya kan kowace mita 600 ta hawa. Ɗauki turbar gaɓa mai kilomita 12 da hawan mita 600 a jimla. Nisan zai ci awa biyu da kusan rabi, hawan ya ƙara awa ɗaya, ka ga an kusa awa uku da rabi. Amma wannan lissafin ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya tsayawa. Da yarinya a tare da ku, da tsayawa kallo, da hutu, da cire tsakuwa daga takalmi, ni nakan ƙara rabin abin da lissafin ya bayar. Awa biyar ke nan, kuma yini ya tafi.

Saboda haka a ranar farko ta tafiyar ƙafa kada ku wuce kilomita 6 zuwa 8 a gaɓa mai hawa da sauka. A keke kuma, kan tsohon layin dogo, iyali kan yi kilomita 10 zuwa 12 a awa, don haka 20 zuwa 25 ta isa a ranar farko. Abin da ke tsayar da sabon mahayi ba ƙafa ba ce, sirdi ne. Wanda bai saba ba, bayan awa biyu zama zai fara gagararsa, washegari kuwa ko kallon keken ba zai so yi ba. In kun bi a hankali, kilomita 40 ɗinka za ta samu a rana ta huɗu ko ta biyar, kuma za a yi ta ana dariya.

Wani abu game da hawa da sauka: mutane suna tsoron hawa saboda haki, amma sauka ce ke cin gwiwa da cinya. Ciwon da za ku tashi da shi washegari yawancinsa na gangara ne. Sanda tana rage shi sosai, haka ma gajerun taku.

Cikar teku da janyewarta

A nan zan daɗe, domin shi ne abin da ke iya mayar da yawo makoki, kuma wanda bai zauna kusa da teku ba ba ya kawo shi a ransa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a cikin awa 24 da kusan minti 50. Jan da wata ke yi wa ruwa ne babban dalili, rana tana taimakawa. Wannan minti 50 ɗin yana nufin lokacin yana matsawa gaba kullum. In ranar da kuka isa ruwa ya kai ƙarshen janyewa da ƙarfe 10 na safe, a rana ta shida sai wajen ƙarfe biyu na rana zai kai, kuma rairayin da kuka taka a bushe da hantsi ranar farko yana ƙarƙashin ruwa da hantsin rana ta shidan. Sannan girman cikar ba ɗaya ba ne kullum. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa nesa, saboda wata da rana sun jera a layi ɗaya suna ja tare. A tsakankanin nan abin yakan lafa.

Bambanci tsakanin wuri da wuri yana da girma ƙwarai. A Bahar Rum tazarar cika da janyewa a yawancin wurare ba ta kai rabin mita ba, har mutum ba zai lura ba. A mashigar Bristol ta Ingila takan haura mita 12, a mashigar Fundy ta Kanada takan kai wajen 16. Akwai ma gaɓoɓin da sau ɗaya kawai ruwa ke cika a yini. Don haka jadawalin cikar ruwa na ainihin wurin da za ku, na ainihin ranar, shi ne abin dogaro, ba maganata ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ruwa ba ya hawowa da gudu ɗaya. Masu jiragen ruwa suna raba tazarar gida 12. A awa ta farko bayan ƙarshen janyewa ruwa yana hawa kashi ɗaya, a ta biyu kashi biyu, a ta uku uku, a ta huɗu uku, sannan biyu, sannan ɗaya. A inda tazarar take mita 6, awa ta farko rabin mita kawai zai hau, mutum ya duba ya ce ai ruwan nan ba ya motsi. A awa ta uku da ta huɗu kuwa mita uku zai hau a jimla, ya fi tsayin ɗaki. Kuma ba ta gabanka yake zuwa ba kamar yadda kake zato. A faffaɗan rairayi yakan fara cika ƙananan kwaruruka da ke tsakaninka da tudu, ya zagaye ka ta baya, kana can kana kallon igiyar ruwa a gabanka.

Ni kaina ya taɓa kama ni, ina jagorantar mutum bakwai. Na duba jadawali na ga muna da isasshen lokacin zagaya wani hancin dutse, wato dutsen gaɓa da ya kutsa cikin teku, ta ƙasa mu fita a rairayi na gaba. Abin da ban lura da shi ba shi ne jadawalin an buga shi da agogon hunturu, ƙasar kuma ta matsar da agogonta awa ɗaya saboda bazara, ni kuma na gyara lissafin ta ɓangaren da ba daidai ba. Muna isa hancin dutsen na ga ruwa yana lasar gindinsa, yana shiga tsakanin duwatsu yana fita da kumfa, duk shigar da zai yi sai ya wuce inda ya tsaya a baya da kamar tafin hannu. Na waiga, ashe hanyar da muka biyo ma ta fara jiƙewa. Allah ya taimake mu akwai wani tudun tsakuwa a lungun, sama da layin busasshiyar ciyawar teku, muka hau muka zauna sama da awa huɗu cikin iska, wata baiwar Allah a cikinmu tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Ba wanda ya ji rauni, amma laifina ne, kuma tun daga ranar ban ƙara zagaya hancin dutse ba sai ruwa yana kan janyewa.

Wannan layin ciyawar da na ambata, ka koya wa 'yarka ganinsa. A kowane rairayi akwai wani zare na busasshiyar ciyawar teku da ƙiraruwa da ɓawon dodon koɗi da ruwa ya ajiye a iyakar inda ya kai. Ƙasa da shi yashi a daddaɓe yake, sumul, sama da shi kuma a warwatse, ƙafa na nutsewa. In ka ga layin ya manne da gindin katangar dutse, ko babu shi sam, to ruwa yana rufe wurin gaba ɗaya, ba wurin zama ba ne. Akwai hanyoyin da aka gina da sanin cewa teku za ta riƙa rufe su, kamar ta Gois a Faransa mai sama da kilomita 4 zuwa tsibirin Noirmoutier, wadda ake bi kawai kamar awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa da awa ɗaya da rabi bayansa, har an kafa hasumiyoyin tsira a gefenta saboda masu makara. In yankinku yana da irinta, abin sha'awa ne a bi ta da keke, amma bisa lokacin da aka rubuta a allon bakin hanya.

Bakin kogi, inda ya haɗu da teku, yana da nasa tarkon. In ruwa ya janye za ka ga fili mai sheƙi kamar ka taka ka tsallaka zuwa garin da kake hange a ƙetare. Taɓo ne, yana riƙe ƙafa har cinya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: garin da yake nisan kilomita ɗaya a ido, wataƙila sai an yi 15 kafin a kai gada ta farko. In akwai jirgin fito, ka tambayi lokacin tashinsa na ƙarshe tun da safe, ka kuma tambaya ko yana ɗaukar keke.

Saman katangar gaɓa kuma ƙa'idarsa gajeriya ce. A tsaya kan turba, domin ciyawar bakin gaɓa takan rufe wurin da ƙasa ta zaizaye ta ƙarƙashi. Kada a zauna a gindin katanga don inuwa, musamman bayan ruwan sama. In an rufe wani sashe an ce a zagaya, a zagaya. Shahararriyar turbar nan da ke tsakanin Riomaggiore da Manarola a Cinque Terre ta Italiya, duwatsu sun zubo mata a 2012, ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai 2024. Taswirar da ke hannunka ba ta san abin da ya faru makon jiya ba.

Iska, abokiyar mai keke kuma abokiyar gabarsa

Mai ƙafa ba ya damuwa da iska sosai, mai keke kuwa ita ce ke yanke masa hukunci. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: in kana tafiyar kilomita 15 a awa, iska mai gudun 15 tana bugun fuskarka, turjiyar da kake ji ta ninka ta ranar da babu iska sau huɗu. Shi ya sa hanyar da aka tafi cikin awa ɗaya ana hira, a dawowa takan ci biyu ana shiru.

Abin daɗin shi ne a yanki irin naku iskar tana da ɗabi'a da za a iya karantawa a ranakun da gari ya yi garau. Da rana ƙasa tana ɗumama da sauri fiye da ruwa, iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Takan fara da hantsi, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta lafa da almuru. Kwari kuma kamar bututu yake mata, tana bin sa ta haura cikin ƙasa. Da dare abin ya juya, iska mai sanyi ta gangaro daga tuddai ta bi kwarin zuwa teku, har sanyin safiya ana jin ta. To ka ga in kuka fara daga cikin kwari da safe kuka nufi teku, gangara tana tare da ku, iska tana bayanku. Ku yini a bakin ruwa, da la'asar ku juyo, iskar teku ta tura ku a ɗan hawan komawa. Ranar da wannan ya dace, yaro ji yake kamar keken da kansa yake tafiya. In masaukinku a bakin teku yake, sai ku haura da hantsi ya ɗaga, ku jinkirta dawowa har iskar ta fara laushi, ko kuma in akwai jirgin ƙasa mai ɗaukar keke ku hau shi da sassafe zuwa can sama ku gangaro. Duk wannan yana rushewa in babban hadari ko iskar yanayi ta shigo, ranar nan hasashen yanayi za ka bi, kuma dokar ita ce a fara da fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, a dawo da ita a baya.

Gindin kwari yakan tara sanyi da hazo da safe ko da saman tudu rana ta fito, ramukan tsohon layin dogo kuma da sanyi da duhu, don haka riga mai tare iska da fitilar keke su kasance a jaka.

Keken da takalmin

In haya za ku yi, kada ka karɓi keke a tsaye. Kowa ya hau nasa ya zagaya. Ka matse birkin gaba ka tura keken, ka matse na baya ka tura, in hannun birkin yana taɓa kan keke kafin ya kama, a canja. Tsayin sirdi kuma ga yadda ake gane shi: a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. In gwiwa a lanƙwashe take, sirdin ya yi ƙasa, kuma shi ne ke kawo ciwon gwiwa. Ga yarinyar, abin da na fi dubawa shi ne ko yatsunta suna kai wa hannun birki ba tare da ta saki kan keken ba, domin sau da yawa akan ba yara keken da ya fi ƙarfinsu. Hular kwano ga kowa. A jaka a samu famfo, da tif na ajiya daidai da girman tayoyinku, da kayan faci. Yashi da gishiri maƙiyan sarƙa ne, kada a shiga rairayi da keke, a ɗaure shi a bakin hanya a ƙarasa da ƙafa. In maiɗakinka tana shakkar ƙarfinta, keke mai batir mafita ce mai kyau, a Turai injinsa yana taimakawa ne har zuwa gudun kilomita 25 a awa, sai dai yana da nauyi, in akwai matakala a hanya za a ji jiki.

Takalmi kuma wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, mai ƙasan da ba ya santsi. Sabon takalmi a ranar farko bororo ne a rana ta biyu. Da zarar wani ya ce wani wuri a ƙafarsa yana zafi, a tsaya nan take a manna filasta, kada a ce sai an kai. In kun ratsa doguwar ciyawa, da dare a duba ƙafafu da bayan gwiwa saboda kaska. In turba ta bi ta cikin garke, a ba saniya mai ɗan maraƙi fili sosai. Ruwan sha ya fi abin da kuke zato, domin iskar teku tana ɓoye zafin rana, mutum yana bushewa bai sani ba. Wanda yake da ciwon zuciya, ko hawan jini, ko tsohon ciwon gwiwa, likitansa ne zai faɗi iyakarsa, ba mai raka matafiya ba.

Yadda zan raba kwana shidan

Da ni ne, masauki ɗaya zan kama a garin da ke kusa da bakin kogin, inda kwari da gaɓa suka haɗu, kada a yi ta ɗaure kaya kullum. Ranar farko keke a kwari, gajere, don jiki ya san abin da ake ciki. Ta biyu ƙafa a gaɓa, kuma a nan dabarar ita ce ku hau motar haya ko jirgi zuwa can nesa da safe ku tako zuwa masauki, maimakon ku tafi da ƙafa kuna fatan samun motar dawowa da yamma. Haka za ku yi ta musanyawa, keke yau ƙafa gobe, saboda naman jikin da kowanne ke ci daban ne, ɗaya yana hutar da ɗaya. Rana guda ku bar ta babu shiri, ko don ruwan sama ko don gajiya, ko don yarinyar ta samu rairayin da ba ta son bari. Wace rana za a yi gaɓa, wannan jadawalin ruwa ne zai zaɓa, shi ya sa nake fara cike ranakun ƙafa kafin na keke.

Tunda kallo ya kai ku, ga abin da na gani a wurare da yawa. Mafi kyawun gani ba a bakin ruwa yake ba, ba kuma a gindin kwari ba, yana kan kafaɗar tudun da ke kallon bakin kogi, inda ido zai ɗauki kogin yana lanƙwasa yana faɗaɗa, ga gonaki a gefe, ga teku a ƙarshe. Kusan kowane yanki irin wannan yana da 'yar turba da ke hawa can, ta awa ɗaya ko ƙasa da haka. Ku ajiye ta sai da yamma lis, rana tana bayanku ko a gefenku, lokacin da inuwa ke fito da kowane lungu na ƙasar. In kuma 'yarka tana son tsuntsaye, ku zauna a gefen taɓon bakin kogi kamar awa biyu kafin ruwa ya gama cika. Ruwan yana matsowa yana koro su, zalɓe da ƙananan masu dogon baki da ke caccakar laka, har su zo kusa da ku yadda za ta ga sawun ƙafafunsu a taɓo kafin ruwa ya shafe shi.